An Kori Kawu Daga Ajin Masu Natsuwa

4 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Malama, da shago, da injin yankan makullin nan naka mai kuka kamar ana zare masa rai. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da ta kama ni makon jiya, ita ma ta sake ni. Umma ta ce a gaishe ka, ƙafarta ce ta hana ta doguwar tafiya. Takarda na rubuto don ta ce wayarka tana kwance a aljihun tebur tare da tsofaffin makullai, ko an kira ba ka ɗauka.

Na san abin da za ka ce: shekara shida yarinyar nan ba ta leƙo ni ba, yau ga wasiƙa, ruwa ba ya tsami banza. Gaskiyarka. Roƙo na zo yi, kuma jininka nake roƙo. Kada ka firgita, bai fi cokali uku ba.

A ɗakin gwajin da nake aiki muna bincike kan wasu ƙananan ƙwayoyi na cikin jini, waɗanda ke daskarar da shi idan mutum ya yanke. Ni 'yan faci nake ce musu. Da zarar jijiya ta huje, sai su rugo su manne da juna su toshe wurin. Ba don su ba, da yankan reza ma ya ishi mutum. Inda gizo ke saƙar shi ne idan suka cika zumuɗi. Sai su kama faci a inda ba a kira su ba, cikin jijiyar da ke kai wa zuciya jini, hanya ta toshe. Muna so mu gane ko damuwar da ta daɗe tana cin mutum, wata da watanni, tana ƙara musu wannan zumuɗi.

Masu damuwa mun samu har sun yi mana yawa, akasarinsu masu jinyar wani nasu a gida. Waɗanda muka rasa su ne dattawa masu kwanciyar hankali da za mu auna su da su. Da shugabarmu ta faɗi haka sai na ce ta sha kuruminta, ni ina da mutum guda wanda dangi kaf Ruwan Sanyi suke ce masa. Na ba ta labarin ranar da mota ta mutu mana a tsakiyar gada, kowa yana salati, kai kuwa ka ciro lemo kana ɓarewa kana raba mana.

Ƙaramin asibitin da ke bayan gidan waya a unguwarku yana cikin wuraren da ake ɗibar mana jinin. Ranar Laraba da safe suke yi, awa biyu an gama. In ka yarda, ka nuna musu takardar da na haɗo da wannan.

Ka gaishe mini da Malama sosai.

'Yarka

19 ga Maris

'Yata Likitar Kwalabe,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, mai kawo wasiƙu har da murmushinsa, don ya daɗe bai kawo mini abin da hannun mutum ya rubuta ba. Lafiyarmu lau. Gwiwa tana ƙara idan na hau bene, amma ƙara ce kawai, ba ta cizo. Ki gaida Umma. Kakarta da kakata uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka ciwon ƙafa gadonmu ne, ta daina ɗora wa takalmi laifi.

An ce zumunta a ƙafa take, ke taki a bakin allura take. To, na je.

Ba ki gaya mini jarrabawa za su yi mini ba. Wata nas mai gilashi ta sa mini siririn bututu a hannu ta ɗebi jini. Sai ta zauna a gabana da agogo, ta ce in fara daga dubu ina cire bakwai bakwai, da ƙarfi. In na ɗan tsaya ta ce, “Sauri, Baba.” In na kuskure ta ce, “A koma farko.” Shekara arba'in ina auren malamar lissafi ba a taɓa ci mini fuska da lissafi haka ba. Da ta ga na yi gumi sai ta sake ɗibar jini, wai tana so ta ga yadda 'yan facinki suke idan an tsokane su. Ta bar ni in huta, ta ɗebi na uku. Na ce mata in da saura a jikina ta bar mini na komawa gida.

Akwai kuma takarda mai tambayoyi. Kana yawan jin tsoro? A'a. Kana jinyar mara lafiya a gida? A'a. Kana jin abubuwa sun fi ƙarfinka? A'a. Yaya barcinka? Na rubuta: irin na tsofaffi. Ban ba ki kunya ba, ina jin ni na zo na ɗaya a ajin masu natsuwa.

Awon hawan jini ne kawai ya so ya ɓata mini suna. Ta auna, ta ɗaga gira, ta sake aunawa. Na ce mata da sauri na taho, kuma da sauri nake so in koma, don na bar Malama a wurin Tela maƙwabcina, shi kuwa ba ya iya zaman rabin awa bai tuna da wata rigar da bai gama ba.

Malama tana gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko kin gama firamare, kuma ki riƙa gyara rubutunki. Kin san malamai, ɗalibi ba ya girma a idonsu.

To, Likita, me jinina ya ce? In ya yabe ni ki aiko mini a rubuce in rataya a shago.

Kawunki

2 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar takarda, a tsaye nake rubuta ta. Kwalabe ɗari biyu sun iso mana lokaci ɗaya, ɗaya daga cikin injunanmu kuma ya zaɓi wannan makon ya kwanta. Na gode ƙwarai da ka je. Na karanta wa abokan aikina labarin cire bakwai bakwai, har shugabarmu sai da ta share hawaye don dariya.

Game da sakamakonka, Kawu, ba zan iya gaya maka komai ba. Don Allah kada ka sake tambayata. Abin da zan ce kawai shi ne ka koma asibitin ka ga likita, kada ka bari watan nan ya ƙare.

Ka ce wa Malama na gama firamare da daɗewa, amma rubutun yana nan yadda ta san shi.

'Yarka

10 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Ni ina nan lafiya, aiki ya lafa, injin ya warke.

Wata biyu ke nan da kwana takwas da na rubuto maka, ban ji daga gare ka ba. Na kira wayar nan ta aljihun tebur sau biyar. Na tambayi Umma, ta ce ita ma shiru, amma wai in kwantar da hankalina, Ruwan Sanyi ba ya tafasa. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. In wani abu na faɗa da ya ɓata maka rai, ka yafe mini, ka ja mini kunne a rubuce. In kuma ba ka da lafiya, ka sa Tela ya rubuto mini ko da layi biyu ne.

Kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Me ya sa sai an bar Malama a wurin wani idan za ka fita?

'Yarka

24 ga Yuni

'Yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ba ki ɓata mini rai ba. Shirun nawa na aiki ne. Tun da wasiƙarki ta Afrilu ta zo nake shiri.

Na daɗe a duniya. Na san idan mai ilimi ya ce ba zai iya gaya maka komai ba, ka je ka ga likita kafin wata ya ƙare, to ya gama gaya maka. Ban je wurin likitan ba. Me zai ƙara mini? Na ga gara in yi amfani da kwanakin in kimtsa.

Kin tambaye ni Malama. Tunda ke kaɗai kika tambaya, ke za ki ji.

Shekara huɗu ke nan mantuwa ta kama ta. Da farko sunayen abubuwa ne, ta riƙe cokali tana nemansa a bakinta. Yanzu shekarun ma sun zube mata. Kullum da safe sai ta yi wanka ta shirya, ta ɗauki jakarta, wai za ta makara aji. Ba na musu da ita. In kulle shago, in riƙe mata jaka, mu bi ta gaban gidan burodi, mu zagaya ta bayan gidan waya mu dawo. Idan muka iso ƙofa takan ce, “Yau an tashi da wuri.” In ce, “Ai kuwa.” Sai mu hau sama in haɗa mata shayi.

Shagon yana ƙasa, ɗakunanmu suna sama, matakala goma sha huɗu ce tsakani. Na ɗaura ƙararrawa a ƙofar sama. Makulli ɗaya yana cin daƙiƙa arba'in a inji, kuma injin ba ya barin a ji komai, saboda haka sau biyu nake yanka kowane makulli: in yi rabi, in kashe, in saurara, in ƙarasa. Masu saye sun ɗauka ƙwarewa ce. Na cire wa murhun gas maɓallansa, a aljihuna suke wuni. Sau ɗaya ta fita ban ji ba, bara. Awa uku ina nema. A tashar bas na same ta, tana yi wa wasu mata faɗa su tsaya a layi.

A takardarku na ce ba na jinyar mara lafiya, kuma ban yi ƙarya ba. Malama ba ta kwance, ba ta zazzaɓi, tana cin abincinta. Matata ce ta manta wasu abubuwa, ni kuma ina tuna mata.

Kada ki ji tausayina, don wallahi ina jin daɗin zamana. Ta fi dariya yanzu. Da rana takan zauna bakin taga tana rera waƙoƙin da take koya wa 'yan aji ɗaya, ba ta manta ko baiti guda ba. Na koyi tsefe kai da kitso biyu, Tela ya ce in makulli ya daina ci in buɗe shagon kitso.

Babu wanda ya sani sai Tela. Tun da abin ya fara, ranar da ta gane da kanta, ta kama hannuna ta ce, “Kada ka bari 'yan'uwana su gan ni a haka. Musamman Auta.” Auta ƙanwarta ce, ita ta raine ta, rabin awa ce a bas tsakaninmu da ita. Na yi mata alkawari. Shekara huɗu ina ce wa Auta yayarta tana barci, ko ta fita, ko mura take yi, har ta yi fushi ta daina zuwa. Allah bai ba mu haihuwa ba, kin sani.

Na sayi littafi na rubuta komai: wane kofi take yarda da shi, me ake ce mata idan ta nemi mahaifiyarta, ta wane gefe ake tsayawa idan za a sauko da ita bene. Na kai shafi arba'in da ɗaya. Abin da ban rubuta ba shi ne sunan wanda zan bar wa littafin.

Saboda haka ki cire kunya ki gaya mini, wata nawa ne? Ba tsoron tafiyar nake ji ba. So nake in san ranar da za ta shirya da jakarta ta tsaya a bakin ƙofa babu mai riƙe mata.

Kawunki

1 ga Yuli

Kawu,

Ina fata wannan ta same ku lafiya. Ni lafiyata lau, ban da kunya da ta rufe ni tun da na karanta takardarka. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, sannan na ji kamar in mari kaina.

Kawu, ban san sakamakonka ba! Babu wanda ya sani a ɗakinmu. Kwalaben da ke zuwa mana ba su da suna, lamba ce kawai a jikinsu. Haka dokar aikin take, don kada son zuciya ya shiga awo. Wataƙila jininka ya bi ta hannuna ban gane shi ba. Shi ya sa na ce kada ka tambaye ni. Likita kuma da na ce ka gani, saboda awon jinin nan ne da kai da kanka ka ce nas ta ɗaga masa gira. Mu da muke cikin aikin mun saba da wannan doka har mun manta ba kowa ya san ta ba. Layi biyu na ƙi ƙarawa don sauri, na sa ka yi wata uku kana shirin mutuwa. Ka yafe mini.

Ko da na san lambarka ma, gwajin namu ba ya faɗa wa mutum kwanansa. Jama'a da yawa muke haɗawa mu duba, ba mutum ɗaya ba.

Amma yanzu da ka faɗa mini gaskiya, ni ma zan faɗa maka tawa. Jiki yana da wani shiri na ko-ta-kwana. Idan ƙararrawar nan ta sama ta kaɗa, kafin ka ajiye makulli zuciyarka ta ƙara gudu, jijiyoyi sun tsuke, an zuba wa jini sinadarin faɗa-ko-gudu. Wannan sinadarin yana taɓa 'yan faci su ma, yana ce musu su shirya, wataƙila za a ji rauni. Shiri ne mai kyau idan na minti goma ne. Abin da bincike ya daɗe yana nunawa, kuma muke bin sawunsa, shi ne mutanen da suka yi shekaru a cikin ko-ta-kwana 'yan facinsu sukan fi saurin mannewa, kuma sukan daɗe ba su lafa ba bayan abin ya wuce. Dalilin ɗiban jini na uku ke nan. Idan aka haɗa wannan da hawan jini da ƙarancin barci da shekaru, hanyar zuciya tana cikin haɗari. Ban ce haka naka yake ba. Na ce mutumin da ke yanka makulli sau biyu shekara huɗu ya cancanci a duba shi.

Na yarda kana jin daɗi, Kawu, na ji shi a rubutunka. Amma jijiya ba ta san so ba. Kayan da ka ɗauka don ƙauna da wanda aka ɗora maka dole, nauyinsu ɗaya ne a wurinta.

Roƙo uku. Ka ga likita a makon nan. Kada ka sayi maganin tsinka jini da kanka don na yi maganar 'yan faci, yana iya jawo zubar jini, likita ne zai ce ko ya dace da kai. Na biyu, ka gaya wa nas mai gilashi amsar tambayar nan ta biyu ta canza, don yanzu haka kana zaune a ajin da ba naka ba, kana ɓata mana lissafi. Na uku ya fi wuya: littafin nan, ka ba da shi tun kana da rai. Ka ba Auta.

'Yarka

16 ga Yuli

Likitar Kwalabe,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ashe ba na mutuwa. Na gaya wa Tela, ya ce to in dawo masa da almakashin da na yi masa wasiyya da shi, tunda dama nasa ne.

Na yafe miki, amma daga yau idan za ki rubuta wa tsoho takarda ki zauna.

Na ga likita. Ya ce jinina ya hau, kuma ba jiya ya fara ba. Ya sa an manna mini wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane kamar haƙoran makulli, ya ce zuciyar tana nan da ƙarfinta amma an daɗe ana sa ta aikin da ya fi albashinta. Ƙwaya ɗaya kullum da safe, a rage gishiri, a yi tafiya. Na ce tafiya kam muna zuwa makaranta kullum. Ya tambaye ni yaushe rabona da in yi awa uku ban saurari komai ba. Na daɗe ina lissafi har ya ce in bar shi.

Nas mai gilashi ta ja layi a kan amsata ta mayar da ni cikin masu jinya. An kore ni daga ajin masu natsuwa, ni Ruwan Sanyi, a gaban jama'a. Kada Umma ta ji.

Biyu na yi miki. Na uku ba zan yi ba. Alkawari na ɗauka, kuma wadda na yi wa ba ta da halin da za ta warware mini shi. In na karya, ba ta ma san na karya ba, wannan ne ya sa ya fi mini nauyi. Ke yarinya ce, ba ki san Malama da alli a hannu ba. Mace ce da ko ɗankwalinta ba ta bari a gani a karkace.

Kawunki

25 ga Yuli

Kawu,

Na gode wa Allah da ka ga likita. Ka sha ƙwayar nan kullum, ko ranar da ka ji garau. Ni ina lafiya.

Sirrinka yana wurina, ko Umma ba za ta ji daga bakina ba. Kuma ba zan ce alkawari ba komai ba ne. Abu ɗaya zan tuna maka, kai ka rubuto mini shi: littafin ba shi da sunan wanda za a bar wa. Idan ƙwayar likita ba ta isa ba, wata rana aka ɗauke ka zuwa asibiti ko da na kwana uku ne, Auta za ta gan ta. Za ta gan ta a firgice, cikin baƙi, babu kai a gefenta. Ko kuma ta gan ta a bakin tagarta, an tsefe mata kai, tana waƙa, kai kana tsaye kana nuna yadda ake yi. Wanne Malama mai alli za ta zaɓa? Kai ka san ta, ni ban sani ba.

Ba zan sake tayar da maganar ba.

'Yarka

9 ga Satumba

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da kwalabenki. Mu lafiya lau. Awon jini ya fara sauka, likita ya ce da sauran tafiya amma an kama hanya. Ki gaida Umma.

Wasiƙarki ta yi mako uku a aljihuna. Haushinki na ji, don ban sami inda zan kama ki ba. Wata ranar Lahadi na sa Tela ya zauna da Malama, na hau bas na je gidan Auta. A bakin ƙofa na faɗa mata, ban ko zauna ba, don na san in na zauna zan fasa. Ta yi mini faɗan da ba a taɓa yi mini ba. Ta ce shekara huɗu tana zaton yayarta ce ta yanke ta, tana bincikar kanta me ta yi. Ban taɓa tunanin wannan ba, wallahi. Ta gama faɗa, ta yi kuka, ta ɗauko mayafinta ta ce mu je.

Malama ba ta gane ta ba. Ta ɗauka sabuwar malama ce aka turo, ta karɓe ta da mutunci, ta ce mata yaran ba su da wuya in an san hannunsu. Auta ta ce, “To, Malama, a koya mini.” Na ba ta littafin. Ta karanta shi tas, ta gyara mini wurare biyu, wai kitson da nake yi ba kitso ba ne.

Ban sani ba ko na karya alkawari. Ina jin na karya. Na roƙi gafararta a raina, kuma nauyin da na ɗauka zai danne ni bai zo ba.

Yanzu Talata da Juma'a Auta tana zuwa daga azahar zuwa yamma. Talatar farko ta kore ni daga gidan gaba ɗaya, ta ce in ta ji ƙarar inji za ta sauko ta cire masa waya. Na fito titi ban san inda ake zuwa ba. Na tsaya a gaban shagona kamar mai jiran a buɗe. Daga baya na taka zuwa lambun nan da ke gefen ɗakin karatu, na sami benci a inuwa, na ce bari in ɗan zauna minti biyar in koma. Mai shara ne ya tashe ni. Awa biyu da rabi, baki buɗe, hulata a ƙasa. Ya ce ya zo sau biyu ya duba ko ina numfashi.

Na dawo da sauri, zuciyata tana cewa wani abu ya faru. Babu abin da ya faru. Na hau sama na same su suna ninke kaya. Malama ta ɗago ta dube ni, kallon da take yi wa baƙo. Hakan yakan faru wani lokaci, na saba. Ta gyara ɗankwalinta ta nuna mini kujera.

Ta ce, “Sannu da zuwa. Maigidan kake nema? Ya fita.”

Na ce, “To. Ko zai daɗe?”

Ta ce, “Bar shi ya daɗe. Ni na ce ya je ya huta. Mutumin nan ya gaji ƙwarai, faɗa ne ba ya yi.” Sai ta rage murya, kamar kada Auta ta ji. “In ya dawo kada ka ce na gaya maka. Yana so a ɗauka ban sani ba.”

Na ce ba zan faɗa ba. Ta sa Auta ta kawo mini shayi, na zauna muka jira shi tare.

Kawunki